Sawun Mushe

Najiba mai dafa wa yara abinci ce ta fara gani. Ta zo ɗibar shinkafar ranar a ɗakin ajiyar makarantar Gidan Dakwara, sai ta tarar ƙofa a saye, kwaɗo na rataye a buɗe ba tare da an ɓalle shi ba, buhuna kuwa an kwashe fiye da rabi. Ta fasa salati. Kafin hantsi ya ɗaga duk garin ya hallara a filin makaranta, manya da yara, kowa yana tattake sawun da ya kamata a bari.

Makullan ɗakin biyu ne. Ɗaya na wurin Sha'ibu, shugaban iyayen yara, ɗan gari mai sahun gaba a masallaci. Ɗayan na wurin direkta, shugaban makarantar, Mushe Abdulkadir, mutumin Madawa. A ƙasar nan duk malamin boko Mushe ake ce masa, ko ya so ko ya ƙi. Ba wanda ya ambaci suna a filin nan, amma idanu duk sun san inda suka nufa, don mutanen Gidan Dakwara ba su cika wahalar da kansu ba in akwai baƙo a kusa.

Wadda ta ambaci sunan ita ce Dela, ɗiyar Rabo mai bin sawu. Yaranta biyu na makarantar, ga na goye, mijinta na Abijan cin rani, bakinta kuwa tun tana ƙarama ba shi da linzami. Da yamma ta danna wayarta ta aika saƙon murya cikin zauren iyayen yara na waya, ta ce Mushe Abdulkadir ɓarawo ne, an gan shi da asuba da buhunan yara, Allah ya isa. Saƙon bai tsaya a zauren ba. Ya je Babankatami, ya je Buza, ya bi waya har Abijan ya dawo.

Rabo yana wajen Keita a lokacin, yana bin sawun raƙuman wani Buzu. Da ya dawo gida ya tarar direkta ya kai ƙara, jandarmomi sun kira Dela a Buza kan ɓata suna.

*

Komandan jandarmomi mutum ne mai sanyin magana, kuma ya san Rabo, don ya sha aika masa in an kore shanu.

"Baba Rabo, zauna mana."

"Ba ni iya zama, Komanda. Ku hwaɗa mini, ɗaure ta za a yi?"

"Ana iyawa. Abin da anka watsa ta waya, doka ba ta wasa da shi yanzu." Ya juya alƙalami a hannunsa. "Ba a hana uwa kuka da lakwal, makarantar ɗiyanta, ba. Da nan taz zo, ko wurin sufeton lakwal, ta ce ga abin da nij ji ku bincika, ba mai taɓa ta ko da zancen bai tabbata ba. Amma ta kira sunan mutum, ta ce mishi ɓarawo, duniya ta ji."

"To babu ƙohwa ke nan?"

"Akwai guda. In abin da tah hwaɗi gaskiya na, ta kawo shaida. Gaskiya ba ta zama ɓata suna. Litinin ina zuwa garinku, kahin in miƙa ma alƙali takardu."

Rabo ya fito yana jin ƙafafunsa na ƙaiƙayi. Gidan kaso da jariri a baya, shi ne abin da ya tsaya masa a ido tun daga Buza har gida. Shi da ma bai taɓa son direktan nan ba, mutum ne da ke gaisuwa hannu cikin aljihu. Ya ce a ransa, aikin ai mai sauƙi ne: ɓarawo an san shi, sawu kawai za a nemo masa.

*

Filin makaranta ya lalace, sai bayan katanga, inda ƙasa ke da laushi kuma mutane ba sa bi saboda ƙaya. Nan ya duƙa. Akwai sawun jaki, an je an dawo ba sau ɗaya ba, kuma da nauyi a kansa wajen tafiya. Ƙafar baya ta hagu ba ta ɗagawa sosai, jan ƙasa take. Kusa da jakin akwai sawun takalmi rufaffe, irin na ma'aikata. Ya bi su har bakin fako, inda tsakuwa ta cinye komai.

Jakin bai dame shi ba, jaki ai na haya ne. Takalmin ya riƙe a zuciya, ya nufi wajen Dela.

"Wa yag ga Mushe da buhuna?"

"Gogo Yalwa ta, Baba. Bakin rijiya tah hwaɗi, kowa ya ji. Tac ce ta ga Mushe da asuba bayan lakwal ɗauke da kaya."

"Shi ke nan sai kid danna waya?"

"Na tahi wurin Yaya Sha'ibu tukuna." Sha'ibu yayan mijinta ne. "Yac ce shi shugaba na, bai kamata shi yi magana ba, amma ni uwa ta, in hwaɗi abin da ad damuna."

Ta faɗi haka kanta a ɗage, tana jijjiga jaririn. Rabo ya so ya zazzage ta da faɗa, tausayi ya hana shi.

Rabo ya sami direkta a aji yana goge allo. Dogo ne siriri, idanunsa sun faɗa kamar wanda ya kwana biyu bai ci ba. Rabo bai dubi fuskarsa da farko ba, ƙafarsa ya duba. Takalmi rufaffe ne.

"Mushe, ina kake ranar da asuba?"

"Ɗakina, Baba Rabo. Ni kaɗai, iyalina na Madawa. Ba ni da shaida in ita kuka nema."

"Makulli hwa?"

Ya zaro shi daga aljihu ya ajiye a tebur, har ya yi ƙara. "Ga shi. Na san mi yak kawo ku, ɗiyarku kuka son hiddawa, ban ga laihinku ba. Amma ku bi sawu, kar ku ja shi zuwa ƙohwata."

Maganar ta yi wa Rabo zafi, ya fita ko sallama bai yi ba. A waje ya duƙa kan sawun da direktan ya bari da safe. Ya fi na bayan katanga tsawo, kuma dunduniyarsa ta cinye ta waje. Ya gaya wa kansa ai ma'aikaci ba ya rasa takalmi biyu.

*

Najiba ce ta ƙara masa ƙarfi. Ta ce ran Juma'a ta ga direkta ya ɗaure buhu a bayan babur ya nufi Babankatami. Rabo bai jira rana ta yi sanyi ba, ya kama hanya. Ya bi masu awo ɗaya bayan ɗaya yana tambaya, har ya faɗa kan wani mai wake da ya yi dariya ya ce ai wakensa ne, direkta ya saya ya tarar da ƙwari, ya dawo masa da shi suka yi ta cacar baki gaban jama'a. Shinkafa kuwa ba wanda ya kawo kasuwa.

Ya dawo gari da la'asar, ƙishirwa da haushi sun haɗu masa. A bakin masallaci Sha'ibu ya tare shi, ya ja shi gefe, carbi na yawo a hannunsa.

"Baba, an ce kun ga sawun takalmi."

"Na gani."

"To mi ar rage? Wa ka sa irin wanga takalmi garin nan in ba shi ba? Ku ce nashi na. Maganarku ba a musa ta, ko Komanda ba shi musawa. Dela matar ƙanena ta, ba ni son in ga ta kwana kaso."

Rabo ya wuce ya bar shi tsaye. Abin haushin shi ne maganar ta shige shi. Sawun bayan katanga iska ta fara share shi, zuwa Litinin ba mai iya aunawa. Kalma ɗaya ce zai faɗa. Ya shiga gida ya zauna, ya tashi, ya fita, ya dawo. Matarsa ta ajiye masa fura ya manta da ita har ƙuda suka rufe ƙwaryar. Can ya tuna abin da ya kamata ya fara yi tun farko, da bai ɗauki ɓarawonsa a aljihu ba: ita kanta mai ganin bai tambaye ta ba.

*

Gogo Yalwa tsohuwa ce da ɗanta ya ɗauko ta bana daga wata tunga a hanyar Keita, ya yi mata ɗaki daura da makaranta. Kunnenta ya yi nauyi, haƙori ko ɗaya babu a bakinta, don haka duk rikicin da ake yi a gari ba ta san da ita aka fara ba. Ya same ta tana ɓarar gyaɗa.

"Gogo! An ce kin ga Mushe da asuba!"

"Awo, na gane shi. Na hito alwala. Bawan Allah, har yanzu ba su bar shi ya huta ba."

"Mi ya ɗauko?"

"Buhu biyu, nan da nan." Ta nuna kwiɓinta na dama da na hagu. "Shina tahiya shina ɗingishi."

Rabo ya ji wani abu ya tsarga masa. Direkta ba ya ɗingishi. Kuma mutumin da allo ke ba shi wahalar ɗauka, ina shi ina buhun shinkafa biyu a kwiɓi?

"Gogo, wane Mushe?"

Ta dube shi kamar ya tambaye ta sunanta. "Mushen Aƙilu mana, na tungarmu. Jakin da kura tat tauna ma ƙahwa, anka jehwa shi juji anka ce ya mutu, da sahe sai ga shi bakin rijiya shina neman ruwa. Tun ran nan Mushe aka ce mishi. Ko cikin jakkai ɗari ina gane tahiyatai."

A bakin mai haƙora, mushen juji da Mushen makaranta ba sa zama ɗaya, wancan ana jan sa, wannan ana datse shi. A bakin Gogo kuwa duk ɗaya suke fita. Matan rijiya suka ji wanda ransu ke so.

"Wa ka kora shi?"

"Wani na, ya naɗe kai. Ni jakin nid duba, shi nis sani."

Rabo ya tashi a hankali. Ya samu sawun da yake nema, kuma sawun ya rufe ƙofa ɗaya tilo da Komanda ya nuna masa.

*

Tungar tana bayan gandarin duwatsun da aka jera don tare ruwa. Ya isa da hantsi ran Lahadi. Jakin na ɗaure gindin gawo, ƙashi da fata, da tabo a cinyar hagu. Rabo ya kwance shi ya ja shi kan yashi, ya dubi abin da ya bari. Ko makaho ya shafa ya san shi ne.

Aƙilu mai jakin bai ɓoye komai ba, don bai san akwai abin ɓoyewa ba. Ya ce aro aka yi, za a kai taki gona, har ya yi mamakin mutumin da ya tsallake jakunan garinsu duka ya zo aron gurgu. Ya faɗi sunan wanda ya ara.

Rabo ya daɗe tsaye. Ba wanda ya san ya zo nan. Gogo ba mai komawa wurinta, Aƙilu ba ya zuwa Gidan Dakwara sai da dalili. Yana iya juyawa ya tafi gida hannu biyu, gobe ya nuna takalmin direkta, Dela ta kwana a ɗakinta. Ya yi taku kaɗan zuwa hanya, ya tsaya, ya sake tafiya. Abin da ya dawo da shi ba wani babban tunani ba ne, fuskar mutumin nan ce mai goge allo, da yadda ya ajiye makulli. Ya koma ya ce wa Aƙilu, "Gobe da sahe ka zo garinmu da jakinga. Kar ka ba shi komi shi ci."

*

Litinin aka taru gindin bishiyar bedin makaranta. Komanda na kan kujera, maigari kusa da shi, direkta tsaye ya harɗe hannu. Sha'ibu ya sha farar riga. Najiba da Gogo Yalwa na kan tabarma, Dela a gefensu da goyo, tana kallon ubanta da ido mai cike da sa rai. Shi kuwa ya ƙi dubanta.

"Baba Rabo, mi kunka samu?" in ji Komanda.

"Gogo ba ta yi ƙarya ba. Mushe yaɗ ɗauki buhuna."

Wuri ya ɗauki guna-guni. Dela ta saki ajiyar zuciya, Sha'ibu ya gyaɗa kai.

"Ga shi can tahe," in ji Rabo.

Aka juya. Aƙilu ne ke shigowa yana janye da gurgun jaki. Gogo ta washe dasashi ta ce, "A'a, Mushe! Kai kuma?" Wasu samari suka fashe da dariya, sannan dariyar ta mutu a bakinsu da suka fahimta.

Rabo ya sa aka kai jakin bayan katanga aka saki igiya. Ya ce jaki mai yunwa ba ya manta inda aka ba shi dusa. Dabbar ta tsaya tana kaɗa kunne, har mutane suka fara gajiya, sannan ta kama hanya tana jan ƙafa. Jama'a suka bi ta, da Komanda da maigari, ta haye fako, ta gangara ta bayan gari, ta je ta tsaya jikin wani rumbu a gonar Sha'ibu tana shinshina ƙasa. Da aka ɗaga murfin, buhunan na ciki an lulluɓe su da kara.

Sha'ibu ya fara rantsuwa, Aƙilu ya ce masa, "Ashe takin ke nan?" Jandarma ya kama hannun Sha'ibu, kuma sai a lokacin kowa ya lura cewa shi ma rufaffen takalmi yake sawa in zai yi aikin shugabanci.

Aka koma gindin bedi. Dela ce ta fara gane abin da ya faru da ita. Ta dubi ubanta.

"Baba, ai kun kashe ni."

Rabo ya juya ga Komanda. "Da zuciya ɗaya tay yi. Ji tay yi, kuma an zuga ta."

"Na yarda an zuga ta," in ji Komanda. "Amma Gogo na nan kusa, ba ta koma ta tambaya ba. Kuma ba tambaya tay yi cikin waya ba, hukunci tay yanke, da zagi. Ban ga inda za ta laɓe ba. Sai dai in mai ƙara ya janye."

Duk aka dubi direkta. Rabo ya cire hularsa, abin da bai taɓa yi wa ma'aikaci ba, ya je gabansa zai durƙusa. Mutumin ya yi sauri ya riƙe shi.

"Kar ku yi mini haka, Baba. Kun iya yin shiru, na sani." Ya juya ga Dela. "Ni ban da abin da za ni yi da ɗaurinki. Amma ba ni kaɗai kiz zaga ba. Ina da tsohuwa Madawa. Maƙwabciya tak kai mata muryarki har ɗaki tak kunna mata. Tun ran nan ba ta hita suna, ba ta hita biki, ko ƙohwar gida ba ta leƙawa. Ki tahi ki hwaɗa mata da bakinki. In ta ce in janye, na janye."

*

Washegari suka shiga motar Madawa, uba da ɗiya. Direkta ya tarbe su a tasha ya kai su wani gida cikin lungu. Rabo ya tsaya a zaure tare da shi. Dela ta gyara goyonta ta shiga ita kaɗai, kuma daga zauren ana jin komai.

Ta yi sallama. Wata tsohuwar murya ta ce, "Ke ta."

"Inna, ni Dela, daga…"

"Na sani. Tun sallamarki nig gane. Na ji muryarga har na hardace ta." Aka ji jan tabarma. "Zauna. Kwance yaron ki ba shi nono, tahiya ta yi mishi nisa."

"Inna, na zo in ce…"

"Ba yanzu ba. Na aika a kira maƙwabta. Da su anka ji, da su za a ji."

Mata suka fara shigowa, suna ratsa zauren suna gaida maza a taƙaice, daga mai tsintsiya a hannu sai mai ƙullu a yatsu. Rabo ya kasa zama. Ya je bakin ƙofa ya dawo, ya sake zuwa, yana ganin kamar gidan ba zai taɓa cika ba. Can tsohuwar ta ce, "To, bisimilla."

Dela ta yi magana. Rabo ya haife ta, ya raine ta, bai taɓa jin muryarta ƙasa haka ba, har sai da wata daga baya ta ce ba su ji.

"Ɗaga murya, ɗiyata," in ji tsohuwar. "Ran nan ai da ƙarhi kih hwaɗi."

Ta ɗaga. Ta ce Mushe Abdulkadir bai taɓa ƙwayar shinkafa ba, ita ta yi masa ƙarya, ta roƙi gafara. Kuka ya ci ƙarfinta a ƙarshe, jaririn ya taya ta.

Tsohuwar ta bari sai da suka lafa, sannan ta ƙwala kira, "Abdu!"

"Na'am, Inna."

"Kira mutumin nan na Buza ka ce a bar ta. Kuma miƙo mini mayahina, akwai suna gidan Malam Nazifi, an kusa watsewa."